Akwatin Da Ya Tsani Saffana

Guangzhou, 19 ga Afrilu, 2008

Zuwa ga bawana Tankari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da matarka Saffana, wadda har yau na rasa abin da ta gani a jikinka. Ka gaida Inna, ka tambayar mini ita ya ƙafa. Ni lafiya lau nake, sai zafin garin nan mai danshi, mutum ya yi wanka ya fito kamar bai yi ba.

Abdoulaziz, ɗan kasuwar nan na garinmu, ya kawo mini saƙonka. Wai ka sayi tsohuwar bas ka cire kujeru, ka sa gado da fanka da ƙaramin firji, don ku riƙa kwana a ciki in kun fita cin kasuwannin ƙauye, kai kana sayar da atamfa, Saffana tana sayar da zoɓo mai sanyi. Kuma wai ni zan sayo maka kayan jawo wuta daga shagon mutane zuwa cikin motar. To, bari in tuna maka: kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, ni ce ta wajen namiji, saboda haka ko gaban alƙali aka je kai bawana ne. Ban taɓa jin inda bawa ya aiki uwargijiyarsa ba. Na je dai, albarkacin Saffana.

Ni kayan yara nake saye a kasuwar Shahe, ban san komai a harkar wuta ba. Kwana biyu ina yawo da zanen da ka yi, duk shagon da na nuna sai a ce mini "meyo", wato babu. Ban ga laifinsu ba, zanenka ya fi kama da akurkin kaji. A rana ta uku na samu wani tsoho a wani lungu bayan titin Guangyuan. Lauban ɗin nan, haka ake kiran mai shago a nan, ba ya jin Turanci, ni ba na jin Chananci, amma ya gane. Ya zaunar da ni fiye da awa ɗaya yana zane a bayan kwali, bai bar ni na tashi ba sai da na maimaita masa komai da hannu.

Ga abin da ya ce. Akwai wani farin akwati a cikin kayan, mai maɓalli. Duk wutar da za ta shiga motar, ta cikinsa za ta bi. In wuta ta ɓalle ta kama jikin mota, shi zai yanke ta kafin ta kama mutum. Wayar nan mai launin kore da rawaya a ɗaure ta da ƙarfen motar, kuma duk inda kuka sauka a kafa guntun rodi a ƙasa a haɗa su. Akwai kuma wasu zobban roba a ƙulle cikin leda. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a sa mata ɗaya, don kada ƙarfen ya ci ta.

Na sa kwalin a cikin kayan. Ka ba wanda ya iya karatu ya duba maka, tunda kai na san inda ka tsaya.

Uwargijiyarka,
Mas'uda

*

Maradi, 25 ga Mayu, 2008

Zuwa ga baiwata Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga baiwarsa da ta gudu Chana. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, Saffana tana gaishe ki. Maganar kakanni kuwa, kakata ce babba, ita ta goyi kakanki yana majina. Ki je ki tambaya.

Kaya sun iso, Allah shi saka. Mota ta haɗu, baiwata! Mun ci kasuwa shida da ita. Ko'ina muka tsaya sai mutane sun taru suna leƙe, har wani ya tambaye ni ko otel ce. Illa ne ya haɗa mini kuran, wato wutar motar, mutumin da ya yi shekara ashirin yana aikin wuta a garin nan.

Amma lauban ɗinki ya cika iyayi. Wagga waya mai kore da rawaya, Illa ya ce priz ɗinmu na nan, inda ake jona wuta, rami biyu gare su, ina za a sa ta uku? Ya naɗe ta ya ɓoye bayan gado. Rodi kuma, so kike kowace kasuwa na je in riƙa tonon ƙasa kamar gafiya? Zobban roba ban ma gan su ba, wataƙila sun bi shara.

Sai farin akwatinki. Wanga akwati ya tsani matata. Ni in kama ƙofar mota sau goma, lafiya lau. Amma da Saffana ta yi alwala ta zo ta kama hannun ƙofa, sai ki ji ƙat! Kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, firji ya mutu. Ranar kasuwar Dan Issa ba mu lura ba, zoɓo ya kwana da zafi, ya yi tsami duka. Saffana har kuka ta yi. Illa ya duba ya ce kayan Chana ne, ba su da juriya. Ya cire shi ya haɗa waya kai tsaye, tun ranar kuran bai sake ɗaukewa ba.

Na ajiye miki akwatin. In kin zo ki riƙa zuba 'yan kunne a ciki.

Ubangidanki,
Tankari

*

Guangzhou, 14 ga Yuni, 2008

Tankari, bawan banza,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Saffana. Ni lafiyata ƙalau har zuwa lokacin da na karanta takardarka.

Kai dai Allah ya yi sakarai! Jiya bayan an sauko daga Juma'a a Masallacin Huaisheng na tare Shitu, wani ɗan Kano da ya daɗe a nan har ya iya yarensu, na roƙe shi ya raka ni wurin tsohon. Ya fassara masa takardarka layi-layi. Da aka zo wurin Saffana da hannun ƙofa, tsohon ya cire gilashinsa ya buga tebur, har mutanen shagon kusa suka leƙo.

Ka buɗe kunnenka. Ya ce akwatin lafiyarsa lau, motarka ce ba lafiya. Akwai inda waya ta fashe tana taɓa ƙarfe, wuta tana yawo a jikin motar. Tayoyi roba ne, ba ta da hanyar sauka ƙasa, sai ta zauna tana jira. Kai kana zuwa da takalminka na roba, hannu a bushe, shi ya sa ba ta kula ka. Saffana kuwa tana zuwa hannu a jiƙe, ƙafa a jiƙe, a kan ƙasar da ta zubar da ruwan alwala. Ita ce hanyar da wutar take nema. Duk ƙat ɗin da ka ji, akwatin ne ya fizge matarka daga bakin kabari. Shi ne kuka cire, saboda zoɓo!

Na tambaye shi yanzu me zai faru. Sai ya ɗauki biro ya zana mace a kwance a gefen mota. Ga zanen nan na sa maka a ciki.

Na kira ka ranar Laraba. Ina cewa "Tankari, maganar akwatin nan," sai ka buɗe muryar wayar ka ce wa abokanka su zo su ji baiwarka ta zama injiniya. Ina magana kuna shewa har katin ya ƙare. Da ina kusa da na fasa maka wannan ƙaton kan naka.

Ka mayar da akwatin. Ka sa a bi wayar daga farko har ƙarshe. Kafin nan kada ka sake jona motar da wutar kowa. Saffana ba ta da waya, ba ta kuma karatun boko, ba ni da wata ƙofa zuwa gare ta sai kai, abin takaici.

Mas'uda

*

Maradi, 6 ga Yuli, 2008

Zuwa ga Injiniya Mas'uda, baiwar gidanmu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, damina ta sauka, an yi shuka. Inna ta ce a ce miki ki riƙa cin abinci.

Wallahi kin iya! Na karanta takardarki a fada, wurin da muke shan shayi. Da na zo wurin "bakin kabari" sai da wani ya ƙware. Zanen matar nan kuwa mun liƙa shi a bango, kowa ya zo sai ya tambaya wace ce. Na yarda kin ci wanga zagaye, amma ki jira nawa.

Kin manta da ni ne? Ba ke ce bara kika aiko mini da maganin sanƙo daga Chana ba, har da takardar yadda ake shafawa safe da yamma, kika ce wani tsohon likita ne ya rubuta? Kwana huɗu ina shafa man takalmi a kaina. Na shiga masallaci ana matsawa. Yanzu kuma wani tsohon ne ya buga tebur. Tsofaffin Chana ba su ƙarewa a bakinki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, baiwata.

Na dai gaya ma Illa don ki san ban raina ki ba. Ya ce mi mai sayar da wandunan jarirai ta sani game da kuran? Gaskiya ne in an yi ruwa motar tana ɗan tsunkulin mutum, ni ma na ji sau ɗaya da na fito ba takalmi. Illa ya ce haka duk ƙarfe yake da damina, ko firjin gidansa yana yi. Saffana ba ta ce komai ba, zoɓonta yana sanyi, ciniki yana tafiya.

Jibi za mu yi gabas, kasuwannin da ke bayan Tessaoua. Can ba rezon waya sosai, kada ki wahalar da katinki.

Mai gidanki har abada,
Tankari

*

Guangzhou, 13 ga Agusta, 2008

Zuwa ga Malam Tankari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ku da rai da lafiya, kai da iyalinka.

Takardarka ta shida ga Yuli sai shekaranjiya ta zo hannuna. Mako biyar. Saboda wasannin nan da ake yi a Beijing an tsaurara biza, masu zuwa sun ragu, waɗanda ke nan suna ta komawa. Wanda ka ba takardar sai da ya yi wata guda a hanya yana jiran a ba shi izinin shigowa. Shitu ya tafi. Abdoulaziz ma ba a sabunta masa ba, gobe zai tashi, shi zai riƙe wannan. Bayan shi ban san wanda zan sake samu ba. Gari duk ya ɗauki murna, kowane shago an kunna talabijin ana kallon masu tsere, ni kuwa ina tsaye a Shahe ina ƙirga makonnin da matarka ta yi tana kama wannan ƙofa cikin damina.

Na kira lambarka sau goma sha ɗaya. Ba ta shiga.

Maganar man takalmi, na yi, kuma na tuba. Ka yafe mini. Da na san wata rana zan buƙaci ka yarda da maganata, da ban yi ba. Tun muna yara ban taɓa gaya maka wata magana kai tsaye ba, kai ma haka, iyayenmu suna jin daɗi suna cewa wasan taubasai ne, zumunci ne. Yau ga shi ina ihu kana tafi.

Saboda haka na ajiye wasan. Daga yau ba bawa, ba baiwa. Ka duba takardar nan sama da ƙasa, ba za ka samu zagi ko ɗaya ba.

Tsunkulin da ka ji ba halin ƙarfe ba ne. Wuta ce, kuma ranar da ƙarfen ya gama cin wayar ba tsunkuli za ta yi ba. Ban ce Illa bai iya aikinsa ba. Shekara ashirin yana haɗa wutar gidaje, amma gida ba ya tafiya a kan taya, ba ya girgiza a hanyar ƙauye. Ka ce masa ya mayar da akwatin, ya taɓa jikin motar da ƙasa da wani ƙarfe mai mariƙin katako, ku ga abin da zai faru. In bai ɗauke ba, ka karanta wannan ma a fada, ku yi dariya har shekara, na yarda.

Na haɗa ka da Allah, Tankari. Na haɗa ka da nonon da ka sha. Kada Saffana ta sake taɓa motar nan tana jone da wuta.

'Yar'uwarka,
Mas'uda

*

Guangzhou, 11 ga Satumba, 2008

Malam Tankari,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fata kuna lafiya.

Wata guda ke nan ban ji daga gare ka ba. Jiya wayarka ta shiga har sau uku, tana ƙara, ba a ɗauka ba. Ban san abin da zan ɗauka ba. In fushi kake, ka yi fushinka, amma ka sa wani ya ce mini tana nan lafiya. Kalma ɗaya ta ishe ni.

Na kasa sayen kaya. Jiya na ɗauki dozin na rigunan sanyi a madadin na zafi, sai da mai shagon ta biyo ni. In na ga baƙuwar lamba sai in ɗauka mummunan labari ne.

Wata hajiya 'yar Kano ce za ta riƙe wannan, ta ce za ta ba direban Maradi. Ban sani ba ko za ta iso.

Mas'uda

*

Maradi, 24 ga Satumba, 2008

Zuwa ga Mas'uda,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da shan ruwa. Saffana tana nan da ranta. Na fara da wannan don na san shi kike jira. Inna ma lafiya.

Takardarki ta Agusta sai ran tara ga azumi ta zo, don Abdoulaziz ya tsaya Kwatano fitar da kayansa. Na buɗe ina murmushi, ina neman inda kika ɓoye zagin. Na karanta sau biyu ban samu ba. "Malam Tankari." Wallahi da kin kira ni jaki da ya fi mini sauƙi. Na ji haushi ƙwarai, na ce wato yarinyar nan ta je Chana ta yi kuɗi, ta fi ƙarfin wasa da mu. Ina kallon wayata tana ƙara, na san ke ce, na ƙi ɗauka. Wannan ma ki yafe mini.

Kwana uku ina fushi. A na huɗu na kai motar wurin Illa, ba don na yarda ba, sai don in samu abin da zan rubuto miki. Ya yi ta gunaguni, ya mayar da akwatin, muka jona da shagonsa. Ya zuba ruwa a ƙasa, ya ɗauko ƙarfe mai mariƙin katako kamar yadda kika ce, ya dafa ƙasa da jikin ƙofa. Ƙat. Ya tayar da maɓallin ya sake. Ƙat. Ya ce bari mu gani. Muka cire wuta, muka ɗaga gado, ya bi wayar da yatsa har inda ta ratsa ƙarfen ƙasan mota. Ƙarfen ya yanke robar kamar da reza, jan ƙarfen ciki a waje yana ƙyalli, gefen ramin ya yi baƙi. Illa ya daɗe a tsugune. Da ya tashi sai ya aika aka sayo sabuwar waya da rodi, ya yanko roba ya naɗe bakin ramin, ya warware wayar nan mai kore da rawaya ya ɗaure ta inda ya kamata. Bai karɓi ladan aikinsa ba.

Na koma gida da la'asar na tarar da Saffana tana dama kunun buɗa baki. Na ba ta labari, har ina ɗan dariya, na ce ashe taubashiyata gaskiya ta faɗa sau ɗaya a rayuwarta. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ai na sani."

Na ce kin san mi?

Ta ce, "Tun farkon damina da zanena nike naɗe hannu in buɗe ƙohwar. Ran kasuwar bayan Tessaoua na mance. Kana wurin masu atamhwa. Ta riƙe ni, na kasa saki, na kasa kiran kowa. Allah ya sa kuran na garin ya ɗauke, na hwaɗi ƙasa. Na daɗe zaune kahin ƙahwahuna su ɗauke ni."

Na ce don Allah mi ya hana ki gaya mini?

Ta ce, "Na zo in gaya maka. Na iske ka a fada kuna dariyar hoton macen da ke kwance. Na ce to, in na yi magana ni ma bango za a liƙa ni."

Mas'uda, akwai wani lalle da ta ƙunsa a hannun dama tun wancan lokaci, in ya fara fita ta sake ƙunsawa. Ni kuwa kullum sai na yaba, ina ce mata amarya. Na kama hannun na buɗe a gaban haske. Layi ne ya ratsa tafin daga gefe zuwa gefe, daidai faɗin hannun ƙofar, fatar ta tattare. Ƙananan yatsunta biyu ba su miƙewa sosai. Na kai ta asibiti washegari, likita ya ce wataƙila su saki, wataƙila su zauna haka. Ya tambaye ni yaushe abin ya faru. Na ce wata biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kai kana ina?"

Na cire zanen daga bango.

Ɗan'uwanki,
Tankari